Kundin aiki: ɗora kai mai ido biyu a kan na'urorin hangen taurari uku

4 ga Janairu

Abin da ake so shi ne kai guda mai ido biyu, wanda masu kallon taurari ke kira baino, ya yi aiki a na'urori uku. Ta farko mai gilashi a gaba ce, faɗin milimita 102, f/7, tsawon fokas milimita 714 (lambar f ita ce tsawon fokas a raba da faɗi). Ta biyu Schmidt-Cassegrain ce, mai madubai biyu da gilashi a gaba, faɗin 203, f/10, tsawon fokas 2032 a rubuce. Ta uku Newton ce, mai babban madubi a gindi da ƙarami a gaba, faɗin 200, f/6, tsawon fokas 1200, a kan gindin Dobson, irin wanda ake turawa da hannu.

A cikin bainon akwai firizam mai raba haske biyu, rabi ya bi dama rabi ya bi hagu, sai wasu firizam su karkato kowane ɓangare zuwa maleƙinsa, wato gilashin da ake ɗora ido a kai. Wannan zagayen da haske ke yi a ciki shi ne tushen wahalar. Muna kiransa zango. Zangon yawancin baino yana tsakanin milimita 100 da 130, kuma dole bututun fokas ya shige ciki da gwargwadon wannan tsawon kafin hoto ya tsaya. Galibin na'urori ba a bar musu wannan sararin ba. Shi ya sa mutum zai ɗora sabon baino, ya murɗa fokas har ƙurya, Wata na nan kamar dunƙulen auduga.

Namu mai ƙofar milimita 22 ne, wato faɗin ramin da haske ke bi, hancinsa inci 1.25, wato milimita 31.75, tazarar idanunsa daga 55 zuwa 75. Ba za a ƙara ko zobe ɗaya ba sai an gama awo.

7 ga Janairu

Awo biyu, duka da Wata, domin fokas ɗin abu mai nisan gaske ake nema.

Na farko, ina hoto yake faɗuwa a bayan na'ura mai gilashi. An cire madubin kwana, wato madubin da ke karkatar da haske don a leƙa daga sama, an mayar da bututun fokas ciki har ƙarshe, an riƙe farar takarda a baya ana ja da ita har Wata ya fito tas a kanta. Daga bakin bututun mai inci 2 zuwa takardar, milimita 165. Jarinmu ke nan. Duk abin da za a jera a bayan bututun, jimillar zangonsa kada ta haura 165.

Na biyu, zangon bainon kansa. Ba a auna shi da rula daga waje, tunda hasken ba miƙewa yake yi ba, kuma rabin tafiyarsa a cikin gilashi ne. Maleƙi ɗaya ake ɗauka a gwada shi sau biyu. Shi kaɗai, da bututun ƙari na 80, ya kama fokas bututu na waje da 75, jimilla 155. A cikin baino, babu bututun ƙari, ya kama bututu na waje da 43. Bambancin 112, kuma shi ne zangon. An yi wannan awon zobban daidaita ido na bainon suna murɗe ƙasa. In aka warware su sama suna ƙara har kusan 6, abin da mutane da yawa ke mantawa.

Ga lissafin:

Madubin kwana mai inci 2 yana cin 105, adaftar da ke rage baki zuwa inci 1.25 tana cin 10, baino 112. Jimilla 227, giɓin 62.

Madubin kwana ƙarami, mai inci 1.25, yana cin 70. Da adafta da baino, 192. Giɓin 27.

Ko ɗaya bai kai ba, kuma babu maleƙin da zai cike giɓin 27.

12 ga Janairu

An koma ga firizam ɗin kwana mai tiredin T2, wato M42 mai taku 0.75. Amfaninsa biyu ne. Jikinsa gajere ne, sannan gilashin firizam yana tura fokas baya kaɗan, don haka zangonsa ya fi na madubi mai girmansa gajarta. Namu 38 ne. Babbar ribar kuma ita ce an kwance hancin bainon gaba ɗaya an ɗaura shi kai tsaye a kan firizam da zobe mai kaurin 7. Hancin inci 2 da ke gaban firizam yana cin 3. Lissafi: 3 da 38 da 7 da 112, ya ba da 160. Saura 5.

Da tagwayen maleƙai irin Plössl na milimita 25, hoto ya tsaya, ninki 29, wato girma sau 29. Milimita 5 ɗin nan kuwa ba su da auki. Mai gajeren gani da ya cire tabarau yana buƙatar bututu ya ƙara shiga. Ana ninka tsawon fokas ɗin maleƙi da kansa, a ninka da ƙarfin tabarau, a raba da 1000. Ga mai tabarau na 3 da maleƙin 25, 625 sau 3 a raba da 1000, kusan milimita 2 sun tafi.

15 ga Janairu

Kuskuren da ya kamata a rubuta don kada a maimaita. An gwada wasu tagwayen maleƙai na 18 da rana a kan eriyar da ke nesa da kamar mita 60, suka kama fokas har da saura. Da dare suka ƙi. Dalili: abu na kusa yana jefa hotonsa baya fiye da tauraro. Ana ninka tsawon fokas da kansa a raba da nisan abin. Ga 714 a mita 60, kusan milimita 8.5 ne na bogi. Su kuma waɗannan maleƙan wurin fokas ɗinsu yana can sama da kafaɗarsu, suna neman bututu ya ƙara shiga da 7 idan aka kwatanta da Plössl. Da rana akwai 13 da ɗoriya, da dare 5 ne kawai, giɓin 2.

Daga yau gwajin rana sai a kan abin da ya wuce rabin kilomita, inda kuskuren ya sauka zuwa milimita 1 ko ƙasa. Ga na'ura mai dogon fokas ma wannan bai isa ba.

An tattauna yanke jikin na'urar da milimita 30 zuwa 40, kamar yadda wasu ke yi, har ma akwai na'urorin da ake ƙerawa da gaɓar da ake cirewa saboda baino. Mun ajiye wannan. Yanka ba ya dawowa, kuma idan dogon bututun fokas ya shige can ciki bakinsa na iya datse gefen hasken, na'urar 102 ta koma aikin 90 ba tare da mai ita ya sani ba.

26 ga Janairu

Dare mai duhu, aka duba faɗin fili. Kaza da 'ya'yanta ce ma'auni. Da Plössl 25, wanda zoben filinsa, wato zoben cikinsa da ke iyakance abin da ake gani, kusan 21 ne, filin sama ya kama digiri 1.7: a raba 21 da 714, a ninka da 57.3. Manyan taurarin garken duk sun shiga da sarari a gefe, kuma bakin da'irar a yanke yake tsaf.

Da Plössl 32, mai zoben fili 27, a lissafi za a samu digiri 2.2. A ido kuwa gefen ya zama baƙin hayaƙi, babu takamaiman baki, taurari na dushewa kafin su fita. Ƙofar bainon 22 ce, ba za ta ciyar da zoben 27 ba. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce, zoben filin maleƙi kada ya fi ƙofar baino da abin da ya wuce milimita 1 ko 2. Masu manyan firizam, irin masu ƙofar 27 ko 28 da Baader da Denkmeier da Tele Vue ke yi, su ne ke ɗaukar maleƙin 24 mai digiri 68 ko Plössl 32. Sai dai babban firizam yakan zo da dogon zango, a sake komawa lissafin farko.

Akwai datsewa ta biyu da ba a gani da wuri, a ƙofar gaba. Haske yana tahowa ne kamar mazurari, yana tsukewa har wurin fokas. Faɗinsa a ƙofar baino shi ne zango a raba da lambar f. A f/7, 112 a raba da 7, milimita 16 ne, ya shige ƙofar 22 da sarari, tsakiyar fili mai faɗin 6 zuwa 7 tana samun cikakken haske, daga nan yana raguwa sannu a hankali yadda ido ba ya damuwa. A f/6 mazurarin 18.7 ne. A f/5 ya kai 22.4, ya fi ƙofar, wato bainon ya fara rage faɗin na'urar kanta. Duk mai na'ura f/5 ko ƙasa ya san cewa gilashin rage zango, wanda ake ɗaurawa a hancin baino, wajibi ne gare shi ko da fokas ya kai.

Game da haske, kowane ido rabi yake samu. Na'urar 102 tana ba kowane ido hasken da na'urar 72 za ta bayar, amma kaifin rarrabe abubuwa yana nan na 102. Ƙwaƙwalwa tana maido da wani abu idan ta haɗa idanu biyu, ba duka ba. A gajimaren Oriyon an ga bambancin: gefunansa masu rauni sun fi fita da ido ɗaya, taurari huɗun da ke tsakiyarsa sun fi daɗin kallo da biyu.

3 ga Fabrairu

Makon nan na gilashin Barlow ne da ɗan'uwansa gilashin rage zango da ake ɗaurawa a hancin baino. Aikinsu ɗaya ne. Suna buɗe mazurarin hasken su tura fokas baya, a biya da ƙarin ninki. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne lambar da ke jikinsu ba ta tabbata sai a tazara guda. Ninkin Barlow shi ne 1 a haɗa da tazarar da ke tsakaninsa da wurin fokas, a raba tazarar da tsawon fokas ɗinsa. Barlow ɗinmu mai ninki 2 ne, tsawon fokas ɗinsa 80, tazararsa ta asali 80. Idan aka zura baino a bakinsa tazarar ta zama 192, ninki ya koma 3.4. Idan aka kwance gilashin kaɗai aka ɗaura a hancin baino, yana zama kamar milimita 25 gaba da kafaɗa, tazara 137, ninki 2.7.

Ba mu tsaya ga lissafi ba, an auna da agogo. Tauraron da ke kan tsakiyar sama yana ratsa digiri 1 cikin sakan 240. Mintaka, na ƙarshen yamma a ɗamarar Oriyon, yana dab da wannan layin. Ana kashe injin bin taurari, a bar shi ya ratsa tsakiyar fili daga baki zuwa baki, sau uku, a ɗauki matsakaici. Da Plössl 25 babu komai a gaba, sakan 405. Da gilashin Barlow a hanci, 150, wato 2.7. Da gilashin rage zango mai tambarin 1.6, sakan 225, wato 1.8 ne a wannan bainon. Da aka mayar da shi gaban firizam ɗin kwana, tazara ta ƙaru da zangon firizam, sakan ya sauka 197, ninki ya haura 2 kaɗan. Gilashi ɗaya ya ba da ninki biyu daban, kuma wannan abin amfani ne ga mai tagwayen maleƙai kala ɗaya.

Nawa suke ragewa? Gilashin yana zama ne gaba da tsohon wurin fokas da gwargwadon tazara a raba da ninki. Ga na 1.8, 137 a raba da 1.8 ya ba da 76, a cire 25 na hanci, saura 51. Wato zangon 112 ya koma 51. Ga Barlow a hanci, 137 a raba da 2.7 kusan 51 ne, a cire 25, saura 26.

Da madubin kwana mai inci 2 da gilashin 1.8, jimilla 166 ce, jari 165. Milimita 1 ya hana. An sauya adaftar mai kafaɗar 10 da mai kafaɗar 2, ya kama da saurar 7.

Gargaɗi: hancin da aka ƙara masa gilashi ya yi tsawo. A ƙaramin madubin kwana yana iya sauka ya taɓa fuskar madubin ko firizam. A auna zurfin da rula kafin a zura. Mun sa zoben tsayarwa a hancin don kada ya wuce.

Wani abin da aka lura: babu gilashin a gaba, bakin Wata yana da siririn launi da babu shi da maleƙi ɗaya a madubin kwana. Doguwar tafiya cikin gilashin firizam tana jawo wannan idan mazurarin hasken mai faɗi ne. Da aka sa na 1.8, na'urar ta koma kamar f/12.6, launin ya kusa ɓacewa.

9 ga Fabrairu

Matsalar haɗa hoto. Da tagwayen maleƙai na 9, ninki 79, Mushtari, wato Jupiter, ya ƙi zama ɗaya, biyu ne ɗaya na ɗan sama da ɗaya, kuma cikin minti biyu goshi ya fara nauyi. Da Plössl 25 da Barlow a hanci, ninki 77, kusan daidai da wancan, ya haɗe nan take. Wannan ya nuna inda laifin yake. Duk goce da ke bayan mai raba haske, ko na firizam ko na zaman maleƙi a mazauninsa, maleƙi ne ke girmama shi, Barlow da ke gaba ba ruwansa. Gocen milimita 0.1 a maleƙin 25 yana bayyana kamar digiri 0.23, kusan rabin faɗin Wata a ido tsirara. A maleƙin 9 ya zama digiri 0.64, ya fi faɗin Watan duka. Idanu suna iya karkatowa ciki da sauƙi, waje da ƙyar, amma ɗaya sama ɗaya ƙasa kusan ba sa iyawa. Saboda haka a baino, babban ninki daga gaba ake nemansa, a bar maleƙai dogaye, daga 15 zuwa 25.

Yadda aka gano tushen: an saita tauraro mai haske a tsakiya, an warware zoben ido na dama har tauraron ya zama faifai, na hagu yana nan ɗigo. Ƙwaƙwalwa ba ta ƙoƙarin haɗa ɗigo da faifai, sai gaskiya ta fito. Ɗigon ya kamata ya zauna a tsakiyar faifan. Ya zauna a gefe. Da aka juya maleƙin dama a mazauninsa, faifan ya zagaya tare da shi. In da firizam ne ya goce, da faifan bai motsa ba.

Laifin na tsagin da ke jikin hancin maleƙan ne, wanda ake yi don kada su zame su faɗi. Zoben tagullan da ke damƙe maleƙi yana sauka a leɓen tsagin, ya karkatar da shi. An cike tsagin da zagaye biyu na siririn tef na ƙarfe har ya yi daidai da jiki, ana danna maleƙin ƙasa da yatsa yayin ɗaurewa, kuma ba a matsewa da ƙarfi. Ɗigon ya dawo kusa da tsakiya. Ba a taɓa sukurorin firizam ba, kuma kada a taɓa su sai an kawar da duk sauran dalilai. Gyaran ciki ba tare da teburin saiti ba yakan ƙara ɓata abin.

Tsarin fokas da muka tsaya a kai: a buɗe bainon daidai tazarar idanu har da'irori biyu su zama ɗaya, a rufe dama a kama da hagu ta babban mamurɗi, a rufe hagu a gyara dama da zobensa kaɗai. Kullum a taho daga waje zuwa ciki, a tsaya da zarar hoto ya fito. In aka taho daga ciki, ido yana yunƙurin gyara hoton da kansa, bayan rabin awa sai gajiya.

Maleƙai masu ƙiba ba su dace ba. Tazarar idanun manya tana kewayen 63, akwai masu 56, akwai masu 70. Maleƙi mai kaurin 58 ba zai rufu ga mai 57 ba, kuma ko ya rufu babu wurin hanci.

16 ga Fabrairu

Schmidt-Cassegrain ba ta ƙi kowane jeri ba, domin babban madubinta ne ke matsawa. Sai dai sauƙin nan yana da farashi a ɓoye. Duk milimita 1 da aka ƙara a baya yana ƙara kusan 3 a tsawon fokas.

Agogo ya tabbatar. Da maleƙi ɗaya a ƙaramin madubin kwana, zango 105, Mintaka ya ratsa cikin sakan 142, daidai da 2032. Da mariƙin baya na 35, madubin inci 2, adafta da baino, zango 262, sakan 115, wato tsawon fokas kusan 2520, ninki 101 da Plössl 25. Da gajeren mariƙi na 10 da firizam T2, zango 167, sakan 130, kusan 2220, ninki 89.

Ƙarin ninki ba shi ne abin damuwa ba. Bututun tare haske da ke tsakiyar babban madubi an auna shi ne don zangon asali. In aka matsa madubin gaba sosai, gefen hasken yana karo da shi ko ya wuce gefen ƙaramin madubi. An gwada da tocila: na'ura na kan fokas ɗin tauraro, aka haska ta maleƙi daga tazarar taku ɗaya, aka auna da'irar da ta fito a takarda a bakin na'urar. A jerin T2 da'irar cikakkiya ce. A dogon jerin ta ragu da kamar milimita 10, inuwar tsakiya kuwa ba ta ragu ba, wato kasonta ya ƙaru. Ga kuma tazarar madubai biyu da ta bar inda aka tsara ta, abin da ke sa tauraro ya yi laushi a babban ninki. A kan Mushtari an ga bambancin a siraran layukan da ke tsakanin manyan ɗamarunsa biyu. Hukunci: a wannan na'urar ma gajeren jeri za a riƙe, ko da dogon yana kama fokas.

Abubuwa biyu na hannu. Da gajeren mariƙi, jikin baino yana gogar mamurɗin fokas in aka karkata shi dama, sai an bar shi a tsaye ko hagu. Sannan a gama fokas ana murɗawa hagu, yadda ake tura madubin sama yana jingine da sukurunsa. In aka gama ta dama, madubin yana ci gaba da zama a hankali, hoto ya goce.

25 ga Fabrairu

Newton ce mai taurin kai, kamar yadda aka zata. Bututu na ƙurya, hoto yana faɗuwa milimita 28 kawai sama da bakinsa. Da adafta mai kafaɗar 10, saura 18. Da mai kafaɗar 2, saura 26. Ana neman 112.

Gilashin 1.8 a hanci yana neman 51, bai kai ba. Barlow a hanci yana neman 26, ya tsaya a kan gaɓa, bututu na dukan ƙarshe, babu damar wuce fokas a dawo, don haka ba a ƙidaya shi. Cikakken Barlow da baino a bakinsa ya kama, amma a ninki 163. Ya yi wa Wata da Mushtari a dare mai natsuwa, ba ya yi wa komai bayan su.

Dabarar da ta yi aiki ita ce tsawaita hanci, a tura gilashin can cikin bututu ya tari hasken da wuri. An sa bututun ƙari na 40 tsakanin hancin baino da gilashin 1.8. Tazara ta zama 177, ninki ya ɗan haura 2, gilashin yana zama 87 gaba da wurin fokas, 65 daga ciki sun shige bututu, saura 22 ake nema. Akwai 26. Ya kama da saurar 4, ninki 98. An leƙa ta bakin na'urar, gilashin ya tsaya daidai bangon jiki, bai shiga hanyar haske ba. Dole a duba wannan duk lokacin da aka ƙara tsawo, domin abin da ya leƙo cikin hanyar yana ƙara wa taurari ƙaho.

An yi lissafin ɗaga babban madubi don a kama ba tare da gilashi ba. Sai an ɗaga shi 90. Yanzu daga ƙaramin madubi zuwa wurin fokas 205 ne, mazurarin a wurin 34, madubin 50, da sarari. In aka ɗaga, tazarar 295 ce, mazurarin 49, madubin 50 ba zai haska komai cikakke ba sai ɗigon tsakiya. Sai an sa na 63, inuwar tsakiya ta tashi daga kashi 25 zuwa sama da 31 cikin ɗari na faɗi, kuma kowane maleƙi guda sai da bututun ƙari na 90. An lalata na'urar ido ɗaya mai kyau ke nan don a samu ƙaramin ninki da ido biyu, alhali na'ura mai gilashi tana bayar da shi. Ba za a yi ba. Ɗagawar 10 da dogayen sukurorin saiti da sababbin sifirin ita ce za a yi, don saurar 4 ta zama 14.

An kuma duba batun baino irin miƙaƙƙe, wanda ba ya cin zango saboda gilasan da ke cikinsa suna maido da fokas inda yake. Shi ba ya raba ƙarfin haske da firizam, da madubi yake yanka da'irar hasken gida biyu, kowane ido ya samu rabi, shi ya sa tauraron da bai kama fokas ba yake fitowa kamar rabin faifai. Filinsa ƙarami ne, kuma yana son ido ya zauna daidai. Magani ne na gaske ga Newton, amma aikin nan na kai ɗaya ne ga na'urori uku.

6 ga Maris

Nauyi. Baino 560, Plössl biyu 260, hanci da gilashi da adafta kusan 130, jimilla giram 950, inda maleƙi guda da adaftarsa ba su wuce 250 ba. A Dobson, ƙarin 700 a tazarar santimita 75 daga madogara yana neman kilo 1.5 a gindi, santimita 35 daga madogara. An maƙala shi da maganaɗisu a bayan jiki. A cire nauyin kafin a cire bainon, in ba haka ba baki ya tashi sama da gudu.

A na'ura mai gilashi bututun fokas yana zamewa idan aka nufi tsakar sama. An ƙara matse sukurun tauri da rubu'in zagaye, an goge sandar da bututun da sifirit, ya daina. Abin da ya fi haɗari shi ne tiredin T2. In baino ya rinjaya hagu, nauyinsa yana kwance tiredin, kan ya juyo ƙasa, maleƙai su zube. An sa zoben kulle mai kaurin 2 a hancin firizam. Saurar 5 ta koma 3, kuma mai tabarau na 3 yana kamawa da ƙyar.

Wata na kwana 6 zuwa 7 a daren jiya, na'urori uku duk sun kama: 29 da 51 da 77 a mai gilashi, 89 a Schmidt-Cassegrain, 98 a Newton. A kan iyakar haske da duhu, ramukan Theophilus da Cyrillus da Catharina sun fito kamar ana kallonsu daga sama, duk da cewa hoto ɗaya ne idanu biyu ke gani, zurfin ƙwaƙwalwa ce ke ƙara shi. Ɗigogin da ke yawo a cikin ido a babban ninki ma sun rage damu, tunda na dama ba sa faɗuwa inda na hagu suke.

Saura: ɗaga madubin Newton da 10 a sake saiti, neman zoben haɗi mai kaurin 4 a madadin na 7 don a maido da abin da zoben kulle ya ci, da sake gwada maleƙan 18 bayan haka. Suna neman 7, za a samu 6, sai dai a rage wani milimita daga hancin inci 2.